Allo da Fensir a Ɗakin Takaba

A ƙasar Hausa an tsara wa mutuwa komai. An san wanda zai yi wanka, an san wanda zai yanko likkafani, an san inda maza za su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da ɗakin da mata za su taru a ciki. Kwana uku ana shiga ana fita, ana "ya haƙuri?", ana "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta". Matar mamaci ma an san abin da ke kanta. Wanda ba a tanadar wa komai ba shi ne yaron nan ɗan shekara huɗu ko biyar da ke ratsa tsakanin masu gaisuwa, wannan ta shafa kansa ta ce "Allah sarki, maraya", waccan ta damƙa masa alewa, a ce ya fita waje ya yi wasa. Ran da aka naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa, daga shi sai uwarsa.

A gidaje da yawa, abin da ke fara tsayawa a rayuwar wannan yaro makaranta ce, ba tare da wani ya zauna ya yanke hakan ba. Uban ne ke goya shi a babur ya sauke shi a bakin makaranta kafin ya wuce kasuwa ko ofis, shi ke biyan kuɗin zango, shi ke ba da na tara. Uwa kuma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ajiye, wato wajen kwana 130. Zangon karatu a Najeriya bai cika wuce mako 13 ba, ke nan takaba ta ɗara zango guda da fiye da wata ɗaya. Malamai sun sha bayanin cewa mai takaba tana iya fita da rana idan buƙata ta kama, muddin za ta kwana a ɗakinta. Sai dai a unguwanni da dama tsoron bakin mutane ya fi fatawa ƙarfi, kuma ko ta samu fitar, kuɗin makarantar na nan yana jira, dukiyar mamaci kuwa an ce kada a taɓa sai an raba gado.

A nan ne wasu iyaye mata ke jawo tsohon littafin rubutu da guntun fensir, su zaunar da yaro a gefen katifa su ce, "Zo nan, mu ga abin da aka koya maka." Babu mai kiran wannan makaranta. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, amma ƙidaya irin wannan ba ta bambance yaron da ke yawo a tasha da wanda uwarsa ke koya masa baƙaƙe a tsakar gida. A ganina matan da ke yin haka suna gudanar da makaranta ta gaske a cikin mafi wuyar kwanakin rayuwarsu, kuma dangi da hukuma sun bar su su kaɗai da aikin.

Can zaɓi, nan dole

A Amurka koyar da yaro a gida tafiya ce mai tarihi. John Holt, malamin firamare da ya yanke ƙauna daga tsarin aji, ya fara fitar da mujalla don iyaye masu koyarwa a gida a 1977. Ma'aurata Raymond da Dorothy Moore sun riga shi da littafinsu na 1975, inda suka ce gaggauta kai ƙananan yara makaranta yana cutar da su. An yi ta shari'a da jihohi har zuwa 1993, lokacin da abin ya halatta a duka jihohi 50. A 1999 hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta ƙiyasta yara 850,000 ne ke karatu a gida. Da korona ta zo, hukumar ƙidayar jama'a ta ce gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a ƙarshen Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoba. A Ingila, dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanya. Jamus ta hana abin, Faransa kuma tun 2022 sai da izinin hukuma.

Su can yawanci zaɓi ne na iyalin da ya yi lissafi, ya ga ɗaya daga cikin iyaye zai iya ajiye aiki. Mu nan dole ce ta fi kawo shi. A Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, yara suka shafe watanni a gida, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Ba a gama farfaɗowa ba aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, aka bi da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sannan Tegina a watan Mayu, inda aka tafi da 'yan Islamiyya sama da ɗari, cikinsu har da ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji. Jihohi sun rufe makarantu bayan haka, iyaye da yawa kuma sun hana 'ya'yansu fita da kansu. Akwai gidajen da rashin tsaro ya haɗa musu biyun a lokaci guda: an kashe maigida, an rufe makaranta.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Wanda ya ƙi, karon farko a ja masa kunne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ba ta yi wa koyarwa a gida wani tanadi ba. Shekarar shiga aji ɗaya shida ce, don haka uwar ɗan shekara huɗu ko biyar ba ta saɓa wa kowa ba idan ta riƙe shi a gida. Uwar ɗan shekara bakwai kuwa tana wani wuri da dokar ba ta san da shi ba.

Karatu a cikin gida ba baƙonmu ba ne. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gidan mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi karatu, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta girma cikin yaƙi da rashe-rashe, kuma wani babban kaso na rubuce-rubucenta marsiyya ce ta waɗanda ta rasa. Ita ce ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jajoji, wato mata malamai, malfa su shiga ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu. Masu wa'azi kuma ba sa gajiya da ba da labarin Imamu Shafi'i, wanda aka haifa a Gaza a shekara ta 150 bayan hijira, mahaifinsa ya rasu yana jariri, uwarsa ta ɗauke shi zuwa Makka ba ta da ko abin biyan malami. Muna son wannan labari a kan mumbari. Matar da ke yin irin aikin a bayan katangarmu ce ba mu cika leƙawa ba.

Yadda yinin ke tafiya

Ƙaramin yaro ba ya buƙatar awa biyar a zaune. Minti ashirin zuwa talatin da safe, bayan an sha koko kafin rana ta take, sun isa a yi abin kirki idan ana yi kullum. Uwa ta rubuta wasula biyar, a, e, i, o, u, a saman shafi, ko a ƙasa da tsinke idan babu takarda. Gobe ta kawo baƙi ɗaya ta aura musu: ba, be, bi, bo, bu. Sa'ar da mai koyar da Hausa ke da ita ita ce ana rubuta harshen kusan yadda ake faɗarsa, don haka yaron da ya kama gaɓoɓi ba ya daɗewa yake fara haɗa kalma da kansa. Waɗanda suka tashi da littafin Ka Koyi Karatu na kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya sun san wannan hanya, kuma a kanta aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara. Wuyar tana wajen masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da tagwaye irin su sh da ts, sai a bar su sai hannu ya faɗa.

Sai dai akwai inda darasin ke maƙale wa uwa a wuya. Kalmar da yaro ke fara iya haɗawa da baƙin farko, kusan ko da yaushe, Baba ce. Zai ɗora yatsa a kan gaɓar farko, ya ja zuwa ta biyu, ya faɗe ta da ƙarfi cikin murnar ya gane, ya ɗago kai yana jiran yabo. Haka ranar da zai koyi rubuta cikakken sunansa: rabin sunan na ubansa ne. Uwar da ta iya daurewa ta ce "Yauwa, ka iya, sake faɗa" ta yi wani aiki da babu kwalejin horon malamai da ke koyar da shi. Wadda hawaye ya ƙwace mata ma ba ta yi laifi ba. Gara yaro ya ga hawayen a gaya masa dalilinsa, da ya ga uwarsa ta miƙe ta shige ɗaki ya zauna yana zaton shi ya yi kuskure.

Lissafi kuwa a madafi yake. Mai takaba da yawa da sana'ar cikin gida take riƙe kanta, awara ko ƙuli-ƙuli ko ƙullin gyaɗa ko saƙar hula. Yaro ya ƙirga ƙulli nawa aka jera a faranti, nawa aka saya, nawa suka rage. Ya auna gwangwani nawa ke cika mudu. Ya tara murafun kwalba ko ƙwallayen dabino goma-goma. Idan yaron maƙwabta ya yi sallama ya miƙo ɗari biyu yana son na ɗari da hamsin, a tambayi ɗan gida nawa ne canji kafin a miƙa. Da la'asar a ɗauko allo, a bi babbaƙu da sunayensu na gargajiya, alu, ambaki, ba-guje, sin-ara, ko a tura shi makarantar allo ta zauren unguwa, wadda ita ba ta rufe ƙofa don an kasa biyan kuɗin Laraba. Da dare, in an ɗauke wuta, tatsuniya da kacici-kacici su ne darasin harshe.

Kada a ɗauka abin yana tafiya sumul. Ana cikin darasi mai ruwa zai buga ƙofa, na goye zai farka, wata gwaggo da ba ta samu zuwa gaisuwa ba za ta yi sallama, a sake sabon kuka. Akwai ranakun da uwar ba ta iya ko ɗaga kai daga matashi. Ga kuma haɗarin da ya fi kowanne kusa, musamman ga 'ya mace: farantin da ake koyon ƙirga da shi a tsakar gida, wata rana a ɗora mata shi a ka a ce ta kai bakin titi. Daga ranar da talla ta shigo, darasin safe ya fara mutuwa.

"Ya yi tafiya"

Darasin da ya fi kowanne nauyi ba ya cikin littafi, yaron ne ke kawo shi, galibi a lokacin da ba a shirya ba: "Umma, yaushe Abba zai dawo?" Amsar da muka gada ita ce ya yi tafiya, ko ya je Makka, ko yana asibiti. Tausayi ne ke sa a faɗi haka, amma yaron da ke yini a gida tare da uwarsa yana ganin komai. Ya ga an fita da makara, ya ga an ba da kayan sawar uban, ya ga wani ya zo ya tafi da babur. Duk ƙarar mashin da ya ji a lungu sai ya ruga ƙofa. Ran da wani yaro a waje ya gaya masa gaskiya cikin faɗa, ya yi rashi biyu: uba, da yardar da ya yi wa maganar uwarsa.

A 1948 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Maria Nagy, ta wallafa binciken da ta yi a kan ɗaruruwan yara a Budapest. Ta gano cewa 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗaukar mutuwa kamar barci ko tafiya, abin da ake dawowa daga gare shi. Masu bincike na baya sun nuna cewa yara da yawa suna fara gane cewa ba a dawowa tun tsakanin shekara biyar da bakwai. Ke nan idan muka ce wa yaro "ya yi tafiya", ruɗun da ke kansa muke ƙara wa ƙarfi a daidai lokacin da hankalinsa ke ƙoƙarin fita daga ciki. "Ya yi barci" ta fi muni, don akwai yaran da ke komawa tsoron rufe ido. Muna da kalmomin da suka isa, kuma addini ya ba mu su: Abba ya rasu, ya koma ga Allah, ba zai dawo gidan nan ba, ba laifin kowa ba ne, muna yi masa addu'a. Yaro zai sake tambaya gobe da jibi, a sake ba shi amsa iri ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba uba kaɗai ake rasawa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Yara da yawa ta kan ƙani ko ƙanwa suke fara sanin mutuwa, kuma wannan rashi ne da ake saurin rufewa da "Allah ya mayar da mai amfani". Yaron da ya saba jijjiga ƙanwarsa yana da tambayoyinsa shi ma, wani lokacin har da tsoron ko don ya taɓa dukanta ne.

Baƙin cikin yaro ba ya kama da na babba. Zai yi kuka yanzu, minti biyar ya koma wasa, manya su ce bai san abin da ake ciki ba. Zai koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya manne wa zanin uwa, ya manta baƙaƙen da ya iya makon jiya, ya yi ta fushi ba dalili. Wata yarinya za ta naɗe 'yartsana a tsumma ta ce za a kai ta maƙabarta, a make ta a ce tana jawo wa gida mugun fata. Wasan nan hanyarta ce ta fahimtar abin da ta gani, a ƙyale ta. Littattafan hadisi sun kawo labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Idan rashin tsuntsu ya isa a tsaya wa yaro, ina ga rashin uba.

A nan ne rabin awar nan ta safe ke da wani amfani da ya wuce baƙi da wasali. Yaron da duniyarsa ta birkice yana son abu ɗaya da ya tabbata zai faru gobe kamar yadda ya faru yau. Ita ma uwar, wadda aka hana kwalliya da fita, ta samu dalilin tashi ta share wuri ta zauna.

Nauyin da ke kan dangi

J. William Worden da Phyllis Silverman sun jagoranci wani bincike na Jami'ar Harvard da ya bi yara 125 daga iyalai 70 a yankin Boston har shekara biyu bayan rasuwar uwa ko uba. Daga cikin manyan abubuwan da suka gano, halin da mahaifin da ya rage yake ciki yana kan gaba wajen nuna yadda yaron zai kasance. Wanda ke son taimakon maraya, to ya fara da uwarsa.

Sunna ta riga ta nuna hanya. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Bayan kwana uku ya koma gidan, ya sa aka kawo masa yaran, aka kira wanzami ya yi musu aski. Mu kuwa sau da yawa gidan mamaci ne ke ɗora tukunya don baƙi, kuma bayan sadakar uku ko ta bakwai ƙafa ke ɗaukewa. Baffan da zai ɗauki nauyin kai yaro makaranta ya ɗauko shi, ko kawun da zai biya zango ɗaya kafin a raba gado, ko ƙanwar miji mai sakandare da za ta riƙa zuwa sau biyu a mako ta karɓi darasin, sun fi buhun shinkafar ranar arba'in amfani.

Abin da aka fi yi shi ne rabon yara. Kafin uwa ta fita takaba an gama shawara: wannan ya tafi wajen baffa a wani gari, waccan wajen gwaggo, namijin a kai shi gabas almajiranci. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma idan uwar ta yi wani aure, kakar wajen uwa ce ke biye. Mata da yawa ba su san haka ba, waɗanda suka sani kuma kunya da rashin abin hannu kan rufe musu baki. Yaron da aka cire daga hannun uwarsa wata biyu bayan rasuwar ubansa an ƙara masa maraici a kan maraici, karatun da aka faro kuma ya tsaya a inda ya tsaya.

Ba ina cewa gida ya maye gurbin makaranta ba. Mata da yawa a karkara su kansu ba a ba su damar koyon boko ba, ko da yake galibinsu suna da allo da ƙirga da tatsuniya, waɗanda ba ƙaramin jari ba ne ga ɗan shekara biyar. Yaro yana buƙatar sa'o'insa, yana buƙatar wani babba da ba ya cikin makoki. Koyarwar gida a irin wannan hali gada ce ta 'yan watanni, kuma ya kamata a san ranar da za a sauka daga kanta.

Afirka ta Kudu, tun dokar makarantu ta 1996, ta ba iyaye damar yi wa yaro rajistar karatu a gida a wajen hukumar ilimi ta lardi. Mu ko ba a kai ga gyara doka ba, akwai abin da hedimasta zai iya yi gobe: ya bar sunan maraya a rajista har uwarsa ta fita takaba, ya aika mata da littafin karatu da jerin abin da aji zai yi a zangon, ya sa kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai su san da gidan. Hukumomin zakka na jihohi irin su Sakkwato da Kano, da kwamitocin marayu na masallatai, za su iya sa kuɗin zangon farko bayan rasuwa cikin abin da suke fara dubawa, domin a wannan zangon ne yaro ke zamewa.

Idan ranar komawa ta zo, a gwada yaron a ga abin da ya iya kafin a mayar da shi baya don kawai ya yi fashi, domin wani zai dawo ya fi 'yan ajinsa karatun Hausa. Uwa ko baffa su raka shi har gaban malamin aji su gaya masa abin da ya faru tun ranar farko, kafin malamin ya raba katin sakamako ya ce kowa ya kai wa babansa ya sa hannu.